Mai zane a ƙauye: kafin alƙalami, hotunan na'ura da littafin tsuntsaye

Ɗan Jahun:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Shawara nake nema. Wani mai makarantar kuɗi a yankinmu ya ba ni aikin zanen hotunan ɗan littafin karatu na 'yan aji ɗaya. Da baki muka yi magana, ya ce in fara kawai, kuɗi ba za su raba mu ba. Na yi zanen fensir na nuna masa a waya. Yau ya ce a ƙara wa yarinyar tsawon hijabi, gobe ya ce akuyar ta rame, jibi ya ce a mayar da ita tunkiya. Duk na yi. Yanzu kuma wai ɗansa da ke jami'a zai fitar masa da hotunan a kwamfuta kyauta, amma in turo zanen fensir ɗin a ɗora a kai. Ko kuɗin data bai ba ni ba. In tura? Abin da ma ya fi damuna shi ne, anya sana'ar nan za ta riƙe mutum yana zaune a ƙauye, ko in tattara in koma Kano?

Baffa Mai Fenti (Wudil):
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka tura ko layi ɗaya. Tun kafin a haife ka nake rubuta allunan shaguna, ina zana zaki da doki da dawisu a bayan manyan motoci, kuma ban taɓa buɗe gwangwanin fenti ba sai an ajiye rabin kuɗi. Malamin da zai yi maka rubutun sha sai ka ba shi kafin alƙalami, don me kai za ka ji kunyar karɓa? Wanda ya ce maka kuɗi ba za su raba ku ba, to kuɗin ne fa za su raba ku.

Sani Firinta (Dambatta):
Baffa ya gama magana. Ƙari kawai: duk hoton da za ka nuna kafin a biya, ka rage masa girma, ka shimfiɗa sunanka a kansa daga kusurwa zuwa kusurwa.

Ummi Lauya:
Ƙanena, bari in sa baki ta ɓangarenmu. Akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023. A ƙarƙashinta zanen nan naka ne tun daga lokacin da ka sa shi a takarda, ba sai ka je wani ofis ka yi rajista ba. Haƙƙin zane yana nan muddin ran mai shi, sannan magada su ci gaba da shi shekara 70 bayan rasuwarsa. Kuma sayar da haƙƙin gaba ɗaya ba ya tabbata sai a rubuce. Tunda kai ba ma'aikacinsa ba ne, kuma ba ku rubuta komai ba, ba shi da hurumin ɗaukar zanenka ya ba wani ya ɗora a kai.

Amma kada in ruɗe ka da doka. Ba wanda zai je kotu a kan wannan, kuɗin mota kaɗai sai ya cinye ladan aikin. Abin da zai amfane ka nan gaba saƙo ne guda a WhatsApp kafin ka ɗauki fensir: hotuna kaza, kuɗi kaza, rabi yanzu rabi ranar miƙawa, gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗinsa, kuma a littafin nan kaɗai za a yi amfani da su. Ya rubuto "na amince". Shi ke nan. In yana so ya sa su a kalanda ko allon ƙofar makaranta, wannan wani cinikin ne daban.

Ɗan Jahun:
Na gode Anti. Sai dai mutumin abokin Kawuna ne, tare suke sallar asuba. In na tsaya kai da fata za a ce yaro ya yi rashin kunya.

Baffa Mai Fenti:
To ta wurin Kawun naka za ka bi. Ka je ka durƙusa ka faɗa masa yadda aka yi, ka nuna masa tarin takardun. Dattijo ya fi jin nauyin ɗan uwansa dattijo.

Abba Kwamfuta:
Ku gafarce ni iyayena, amma a daina yaudarar yaro. Mai makarantar nan bai yi laifi ba, zamani ya bi. Abin da Ɗan Jahun zai kwana yana yi, na'urar AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, za ta fitar kafin shayi ya huce. Baffa da kansa shaida ne, ina masu rubuta allo da hannu tun da filas, wato allon leda da ake bugawa da inji, ya shigo? Ya koyi ba na'ura umarni kawai ya huta.

Baffa Mai Fenti:
Filas ya ci kasuwarmu, wannan gaskiya ne, ba na musu. Lokacin zaɓen 2023 ko bango ɗaya ban rubuta ba, duk fastoci da filas aka yi. Amma ka zo Wudil ranar Juma'a ka duba bayan motocin shanu, ka faɗa mini wanne ne aka liƙa wa leda.

Yaya Rabi (Kazaure):
Abba, tunda ka taɓo inda nake ci, bari in zauna sosai.

Ni da ƙunshi na fara, daga tafin hannun amare na koma takarda, daga takarda na koma waya. Yau yawancin abin da nake samu daga ƙungiyoyin da ke aikin lafiya a karkara yake zuwa: katin nuna wa mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, shayar da nono zalla har wata 6, rigakafi, gidan sauro. Daga ɗakina nake yi, a ƙauye, da goyo a bayana. Su ma sun gwada na'urar taka. An turo mini abin da ta fitar wai in ɗan gyara. Matar da ke ciki ta goya ɗa da wasu igiyoyi a ƙirji irin na Turawa, mijin ya sha rawani mai kunne biyu alhali manomi ne, kai ka ce ɗan sarkin Kano ne ya fito noma. Rumbun da ke bayansu har da taga. Ga yatsun uwar guda shida.

Yatsu ana gyarawa, har ma na ga sababbin na'urorin sun rage wannan. Abin da ba su sani ba shi ne abin da matar ƙauye za ta gani in an miƙa mata hoton. Kafin a buga kowane kati sai an kai shi asibitin sha-ka-tafi ranar awo, a ba mata su riƙe, ba a yi musu bayani ba, a tambaye su me suka gani. A nan ake sanin mai zane. In uwa tana ba ɗa magani da hannun hagu, ba wadda za ta kalli maganin, hannun za su yi ta magana a kai. In ka zana kwalbar lita ɗaya, ba kowa ke da ita a gida ba, amma ka zana ledar ruwa ta rabin lita guda biyu ana juyewa a kwanon sha, nan take za a gane. In ka yanke mutum daga ƙugu don ya shiga shafi, wata tsohuwa za ta tambaya me ya sami ƙafafunsa. In matar ta yi ƙiba da gwala-gwalai, sai su ce wannan matar birni ce, ba da mu ake ba. Har yadda ake ɗaura zanin goyo, da inda buta ke zama a tsakar gida, da irin murhun, duk ana dubawa.

Wannan sanin shi suke saye a wurina, ba iya jan layi ba. Masu jan layi da suka fi ni suna nan birjik a Legas da Abuja, amma ba su taɓa zama a tabarmar gidan suna ba. Shi ya sa in ka tambaye ni, Ɗan Jahun, ƙauyen da kake son gudu shi ne jarinka.

Abba Kwamfuta:
Yaya Rabi, na ji. To amma ke ma ki riƙa amfani da ita ki rage wahala mana.

Yaya Rabi:
Nakan duba haɗin kala a cikinta wani lokaci. Fuskar mutanenmu kam da hannuna.

Garba Tela (Gumel):
Ni wata tambaya ce da ni, kada a ga kamar na ɓata hira. Mu mun taso muna jin cewa zanen abu mai rai haramun ne, ranar lahira za a ce wa mutum ya busa masa rai. Yaya kuke yi da wannan? Allah gafarta Malam, kana nan?

Malam Habu (Ringim):
Ina nan Malam Garba, kuma tambayar a kan hanya take. Hadisan da ka yi nuni da su ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim. Akwai ma wanda wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da wannan yake ci, sai ya ce masa in ba makawa to ya riƙa yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamai sun saɓa wajen fahimtar iyakar hanin. Malikawa, waɗanda littattafansu muka taso a kai, sun tsananta a kan sura mai jiki wadda take da inuwa, irin gunki, in ta cika gaɓoɓi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango kuwa ba su kai shi haramun ba, sun tsaya a karhanci. Wasu malaman na wasu mazhabobi sun haɗa duka sun hana. Cikin malaman wannan zamani da yawa sun sassauta a kan abin da ake koyar da yara ko ake wayar da kai da shi. Ba fatawa nake bayarwa a waya ba, kowa ya zauna da malamin da ya natsu da shi. Abin da ba saɓani a kansa shi ne zanen tsiraici da zanen cin mutuncin wani.

Garba Tela:
Allah ya saka da alheri. Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da barin.

Yaya Rabi:
Kuma ba laifi, Malam Garba. Akwai wadda muke aiki tare, ba ta zana fuska ko kaɗan, ta bar ta fili, kuma ana sayen aikinta. Wani kuma zayyana kaɗai yake yi, ta allon sauka da katin biki da tambarin shaguna. Kai kanka hular da kake ba mata su ɗinka, ai sai mai zane ya fara bi da biro.

Kabiru Dala:
Ku bar maganar mai makaranta, kuɗin suna waje. Ɗan Jahun, ka buɗe Fiverr, shafin intanet da ake haɗa masu sana'a da masu neman a yi musu aiki. Ina samun masu son hotunan littafin yara daga Amurka da Ingila, har da 'yan Afirka mazauna can da ke son 'ya'yansu su ga baƙar fata a littafi. Kamfanin yana cire kashi 20 cikin ɗari, kuɗin su yi kwana 14 kafin ka iya taɓawa, sannan ka janyo ta Payoneer, wata hanyar karɓar kuɗi daga waje. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, aiki ɗaya na dala ya fi tarin na gida.

Sani Firinta:
Kabiru, faɗi ɗaya ɓangaren kuma. Nawa ne suka buɗe suka yi wata da watanni ba wanda ya ko gaishe su? Ga Turanci, ga saƙon da zai shigo ƙarfe biyun dare ana son amsa nan take. Mutumin da sai ya hau tudun bayan gari yake samun sabis fa muke magana a kai.

Kabiru Dala:
Shi ya sa na ce ya dawo Kano. A nan ake haɗuwa da mutane, a nan maɗaba'u suke, a nan marubuta suke neman mai bangon littafi. Ba wanda zai bi ka ƙauye da aiki.

Baffa Mai Fenti:
Kuɗin haya fa? Kuɗin Adaidaita tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 fa? A gida yana da hatsinsa a rumbu, ba ya sayen tuwo. Ni na zauna a birni na dawo, kuma ba korata aka yi ba.

Ɗan Jahun:
Maganar sabis da wuta gaskiya ce. Ina da ƙaramin farantin sola da batir, suna riƙe waya da fitila. A waya nake komai, da manhajar zane ta ibisPaint, da yatsa da wani alƙalamin roba. Fensir da tawada a takarda, in ɗauki hoto da safe a inuwar zaure inda haske ya daidaita, sannan in sa kala a waya. In damina ta yi nisa kuwa gona ke cinye yinin, zane sai dare.

Sani Firinta:
To saurara, tunda mu ne muke karɓar aikinku muna shan zagin kwastoma. Waya da kwamfuta da haske suke nuna kala, wato RGB, injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa, CMYK. Shuɗin nan mai ƙyalli da koren da kuke so, a takarda dushewa suke yi. Fatar mutum kuma ita ce ta fi ba mu wahala: abin da ka gani ruwan ƙasa mai kyau a waya, in ya fito sai ya yi duhu har ido da hanci su ɓace. Ka riƙa haska ta fiye da yadda idonka ke so. Ka buɗe shafin a 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, tun farko, a girman da za a buga, don ƙaramin hoto ba ya girma sai ya farfashe. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Kada ka turo a matsayin hoto ta WhatsApp, matse shi yake yi, ka turo a matsayin fayil.

Sai babbar masifar: ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon haruffan da ke kwamfutocinmu ba su da su. Ka rubuta "ƙasa" a wurinka, mu buɗe a manhajarmu ta CorelDraw mu ga akwati a madadin harafin, yaron shago kuma ya goge ya sa k ba tare da ya tambayi kowa ba. Littafin koyon karatu fa! Ka mayar da rubutun zane kafin ka turo, ko ka haɗo da salon harafin.

In ka samu hali ka sayi tsohuwar laftof da ƙaramin allon zane na Huion ko XP-Pen, ka sa manhajar zane ta Krita, kyauta ce kuma tana aiki da CMYK. Procreate da kake gani a bidiyo sai iPad, kada ka wahalar da kanka.

Ɗan Jahun:
Yaya Sani, Allah ya biya ka, na kwafe duka. Na kuma je wurin Kawu. Ya kira mutumin a gabana, an tsaya a kan zai biya ladan zanen fensir, takarduna kuma suna hannuna. Ko zai dawo a ƙarasa, oho.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da nake yi wa kaina, wanda ba wanda ya sa ni. Littafin tsuntsayen ƙasarmu nake haɗawa don yara, kowane shafi tsuntsu ɗaya, sunansa da boko da ajami, da abin da yake ci da lokacin da ake ganinsa. Na gama shamuwa, don a kan tsamiyar ƙofar gidanmu take sheƙa in damina ta gabato. Na yi belbela a bayan garke, na yi carki a kan tozon sa, na yi cilakowa. Gauraka ce ta gagare ni. Kakata tana ba da labarinta, ni kuwa ban taɓa ganinta a fadamarmu ba, sai a hoto. Abin da ya sa na fara ke nan, ƙannena sun san sunan zakin da ke cikin katun amma ba su san zalɓe ba.

Malam Habu:
Madalla. Ka tuna mini da Birnin Kudu. Zanen shanun da ke jikin duwatsun can, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda masu bincike suka fara rubutu a kai a shekarun 1950, akwai shanu marasa tozo a ciki. Yau duk Jigawa bunaji da rahaji kake gani, masu tozo. Wanda ya zana abin da ke gabansa ya zana, ga shi ta dalilinsa aka san irin dabbar da aka taɓa kiwo a nan.

Abba Kwamfuta:
To wa zai sayi littafin tsuntsu, ana fama da kuɗin masara?

Yaya Rabi:
Tambayar Abba tana da zafi amma a kan gaskiya take. Kada ka ci bashi ka buga dubu su zauna a ƙarƙashin gado. Ka fara sakin shafi ɗaya-ɗaya a Facebook da sunanka a jiki, ka ga wanda mutane ke tsayawa a kai. Aikin da nake samu yanzu, wani zanen mata a bakin rijiya ne da na saka don nishaɗi ya jawo shi, ba takardar neman aiki ba.

Baffa Mai Fenti:
Ka yi kalanda tukuna. Tsuntsu 12, wata 12, da kwanan watan Musulunci a ƙasa. Mai kantin maganin dabbobi ko mai sayar da taki zai sa sunansa ya biya kuɗin bugu. Kalanda tana shiga shagon mai shayi da littafi ba ya shiga.

Kabiru Dala:
Wannan kam ko ni na yarda. Amma bugun dai a Kano za a yi, ku lura.

Sani Firinta:
A Kano za a yi, amma ba sai ya tare ba. Ya shigo motar safe, ya tsaya a kan injin ya ga gwajin farko da idonsa, ya koma da yamma.

Ɗan Masunta (Kirikasamma):
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Malam mai zane, in tsuntsun ruwa kake so ka zo Baturiya bayan kaka, cikin hunturu, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai suke sauka. Kirinjijiya da dinya da zalɓe sai ka gaji da kallo. Jan-baki ma yana nan cikin kacalla, ka zana shi don yara su san mai cinye mana shinkafa. Zan ɗauke ka a kwalekwale, amma da asuba ake fita, kuma ka sa takardunka a leda. Gauraka dai ban yi maka alkawari ba.

Ɗan Jahun:
Yaya, na riƙe ka da wannan. Zan yi maka magana ta gefe in an gama yankan riɗi.

Sani Firinta:
Kafin nan ka turo mini shamuwar a fayil, in liƙa ta a gefen wani aikin da za mu buga, ka ga yadda baƙin fukafukin zai fito. Ka faɗa mini kuma takarda mai sheƙi kake so ko marar sheƙi.